Kabewar Mushe Kailu

Kowa a Rijiyar Gawo ya san Mushe Kailu, malamin lakwal, wato makarantar bokon garin, ba ya bin gajeriyar hanya. Daga ƙofar ɗakinsa zuwa lakwal bai fi taku ɗari biyu ba, amma bawan Allahn nan sai ya cinye sa'a guda cur kafin ya isa. Da ya idar da sallar asuba ya sha kununsa, sai ya rataya tsohuwar jakarsa ta fata, wadda ta ga jiya ta ga yau, ya juya wa lakwal baya ya nufi yamma. Baƙo zai ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Ina! Haka yake yi tun gashin kansa yana baƙi wuluk.

Yakan fara da maƙera, ya tsaya ana hura zuga-zugi ya tambayi wanda ya kwana da tari. Daga nan ya gangara bakin rijiya inda Fulani ke shayar da shanu, ya ɗaga murya ya ce, "Jam waali?" Su amsa suna ƙunshe dariya, don shekara talatin da huɗu ke nan harshensa ya ƙi lanƙwasuwa ga Fulatanci, shi kuma ya ƙi haƙura. Ya ratsa unguwar Zabarmawan da suka taso daga wajen Baleyara, ya gaishe su da harshensu. Ya leƙa bukkokin Buzaye a arewacin gari, a miƙo masa shayi ya kurɓa a tsaye. Can ƙarshe sai ya zo ƙofar wani gida mai dangar kara, gidan da ake kaɗa garaya in 'yan bori suna da taro. A nan yakan tuɓe takalmansa, ko da yake ba shiga zai yi ba, ya yi sallama ya ce, "Asabe, kun kwana lahiya?" Ya saurara kaɗan. Shiru. Sai ya mai da takalmansa ya wuce lakwal, ya buga tsohon ƙarfen ƙafar motar da ke rataye a dogon yaro, yara su yi layi.

Ƙarshen watan Disamban bana mutumin nan zai ajiye alli. Ba minista zai zo ba, babu lambar girma, in an yi sa'a ansifekta, sufeton makarantu, ya aiko da takarda. Shi ya sa na ce bari mu da muka goge wando a bencinsa mu faɗi abin da muka gani, tun yana ji da kunnensa. Yabon gwani ya zama dole. Sai dai duk wanda ya san shi ya san in ka fara yabonsa zai katse ka ya ce, "In za ka ba da labarina, ka soma da kabewa." To, da kabewa zan soma, don ita ce dalilin sallamar nan da ba a amsawa. A gidan nan akwai yarinya 'yar shekara bakwai mai suna Ladi, autar Asabe, kuma babu abin da Mushe ya roƙi Allah a shekararsa ta ƙarshe kamar ya ga sunanta a rajistar lakwal kafin ya tafi.

Kailu ɗan Filinge ne, haifaffen unguwar kasuwa, ɗan Malam Hamidu mai ɗinkin hula, wanda ke biya wa 'yan kasuwa karatu bayan la'asar. Yana da shekara ashirin da shida gwamnati ta turo shi Rijiyar Gawo, tafiyar rabin yini a keke cikin ƙasar Kurfai. Shi ne mushe, kamar yadda muke kiran malamin lakwal, shi ne direkta, shi ne mai share aji. Da a ce Bilma aka kai shi, da ya san shi baƙo ne ya bi a hankali. Amma nan Hausarsa ɗaya da ta mutanen gari, tuwonsu ɗaya, har tsagen fuskar kakansa irin nasu ne. Sai ya ɗauka ya gama saninsu. Ko a jikinsa bai sa ba cewa fiye da rabin gidajen garin na Azna ne, masu riƙe da addinin kakanni, kuma suna da abubuwan da ake yi da waɗanda ba a yi, waɗanda ba wanda ya koya masa a makarantar horon malamai.

Aiki kam ya iya shi, kuma yana son yara, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Abin da ke ci masa rai shi ne ganinmu muna gyangyaɗi da hantsi saboda yunwa. Don haka kafin hutun damina ya bi gindin shingen lakwal ya shuka kabewa. Da ya dawo a watan Oktoba ya tarar ta yi 'ya'ya jibga-jibga, wata har ta kai tulu. Murna kamar ya taka rawa. Ya kira maƙwabciyarsa Samiratu, a lokacin tana amarya, ya ce ta dafa wa yara.

Samiratu tana nan da ranta, har yau ita ke dafa abincin lakwal, kuma ba ta gajiya da ba da wannan labari. "Na ce mishi, Mushe, ba a sha kabewa ba tukuna fa. Ɗiyan Azna ba su taɓa sabuwar kabewa sai 'yan bori sun yi bikinsu na kaka, an dahwa an ba iskoki nasu, kana kowa ya ci. Ya dube ni awa na yi mishi tatsuniya, ya ce wanga camfi ne, yunwa ba ta san garaya ba. Ni mi zan ce? Shi ke da takarda."

Da azahar aka jera akussa a gindin dogon yaro. Mu arba'in da ɗaya ne a ajin. Mu 'ya'yan Musulmi muka far wa namu, mai wannan rubutu har da suɗe hannu, Allah ya yafe masa. Sauran ashirin da shida suka zauna sun naɗe hannuwa, idanunsu a ƙasa. Mushe ya yi lallashi, ya yi bayani a kan amfanin kabewa a jikin mutum, ba wanda ya motsa. Sai zuciya ta ɗebe shi. Ya duba cikinsu ya zaɓi wadda ya fi ji da ita, Asabe, jikar Yalwa uwar 'yan borin garin. Shekararta goma sha biyu, ita ce ta ɗaya tun da aka buɗe ajin, rubutunta kamar an buga da inji. Ita kaɗai yake bari ta tafi gida da littafin karatu, kuma ya sha gaya mata cewa in ta ci jarrabawar sertifika ta gama firamare a ƙarshen shekarar, sai ta ga Yamai da idonta.

"Asabe, tashi. Ke kin san kabewa abinci ce. Nuna musu."

"Mushe, kaka ta hana."

"Nan lakwal ne, ba gidan kakarki ba. Ci."

Ta dube shi ta daɗe. Da wani ne ya ce mata haka, da ta ruga gida. Amma shi ne, mutumin da bai taɓa gaya mata ƙarya ba. Ta sa hannu ta ɗauki loma ɗaya, ta haɗiye tana hawaye. Kafin ya ce madalla, yara ashirin da biyar sun watse da gudu suna kururuwa.

Kwana biyu bayan haka zazzaɓi ya kayar da Asabe har da sanƙarewa. Ma'aikacin asibitin Filinge da ya ji bayani ya ce zazzaɓin sauro ne, lokacinsa ne. Yalwa ta ce iskokin gidansu ne aka ci wa rabo. Ni ba alƙali ba ne, ba zan raba wannan gardama ba. Abin da na sani shi ne Yalwa ta ɗora jikarta a amalanken jaki ta kai ta can wajen danginta a yi mata magani irin nasu, ta baro ta can. Gidajen Azna kuwa kaf suka janye 'ya'yansu. Muka rage mu goma sha biyar, aji ya yi fayau. Ansifekta ya aiko cewa in aka dawo hutun sabuwar shekara yara ba su kai talatin ba, za a rufe lakwal.

Kailu ya hau kekensa ya nufi Filinge, ya zube gaban mahaifinsa, yana da tabbacin malami zai goya masa baya a kan mutanen da ke ba iskoki abinci. Malam Hamidu ya saurare shi har ƙarshe bai ɗaga kai daga hular da yake ɗinki ba. Sannan ya ce, "Ɗiyar ta ce maka an hana ta?"

"Ta ce, Baba."

"Ka ce ta ci?"

"Baba, camfi ne fa."

Tsohon ya soke allura a hula ya dube shi. "Wa ya aike ka? Gwamnati ta aike ka ka koya musu baƙi da lissahi, ko ka sa abinci a bakin ɗiyar mutane da ƙarhi? Ni shekara arba'in ina zaune da mutanen nan a kasuwa. Ban bi addininsu ba, ba su bi nawa ba, amma ban taɓa cin mutuncin ko ɗaya ba. Kai ka tahi da Hausa a baki kana tsammani ka san gari. Baƙo ko da ido makaho ne. Tashi ka koma, kuma kada ka sake zo mini nan sai ka ba tsohuwar nan haƙuri."

Ya koma jiki a sanyaye. Washegari da hantsi ya je ƙofar gidan Yalwa, ya tuɓe takalma, ya zauna a ƙasa. Mushe guda, ma'aikacin gwamnati, zaune a turɓaya mata masu zuwa rijiya suna kallo! Ba wanda ya ce masa ci kanka. Ya dawo washegari, ya sake dawowa. Sai a rana ta goma Yalwa ta fito, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa mai jan zane, tana tauna goro.

"Mi kake nema ƙofata, ɗan malam?"

"Inna, na yi laihi. Na zo ki yahe mini, ki kuma koya mini abin da ban sani ba."

"Kai da ka san komi?"

Ta tofar da tuƙar goro ta zauna a kan turmi. "Ba ni na hana ɗiyan nan zuwa ba. Uwayensu tsoro suke ji. Sun ce yau kabewa, gobe mi?"

"To ki hwaɗa mini mi da mi, Inna. Gida-gida."

A ranar ya fara karatunsa na biyu. Ta gaya masa gidan da ba su cin naman damo, da gidan da ba a aske wa yaransu tukku sai sun kai shekaru kaza, da kukar da ba a jifa a bayan gari, da ranar da maƙera ba su taɓa ƙarfe. Ya yi ta rubutawa a cinya har rana ta take tsaka. Da zai tashi ta ce, "Sharaɗi guda. Kabewar lakwal ba a yanke ta sai ka ji garaya daga gidan nan." Ya ce ya ji ya ɗauka. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Kafin hutun sabuwar shekara yara ashirin da biyar sun dawo benci, lakwal ta tsira.

Ɗaya ce ba ta dawo ba. Wata bakwai Asabe ta yi kafin a maido ta, ta warke sarai, amma an riga an yi jarrabawa. Mushe ya je ya ce ta sake shekarar, zai zauna da ita har ta cim ma sauran. Yalwa da bakinta ta ce in tana so ta koma, ba ta hana ba. Asabe ce ta ƙi. Ta aiko masa da littafinsa na karatu a hannun Samiratu, da saƙo guda: "Ki ce mishi don na yarda da shi na ci." Daga ranar ba ta sake yi masa magana ba, in sun haɗu a hanya ta kau da kai. Ba wanda ya kai ta son lakwal a garin nan, shi ya sa ciwon ya yi mata zurfi haka.

Wani da ya yi irin wannan kuskure sai ya nemi canjin wurin aiki, ya je inda ba a san shi ba. Sau uku ana kawo wa Mushe Kailu takardar canji, har da wadda za ta mai da shi Filinge kusa da gida, sau uku yana roƙon a bar shi. Kuma tun daga shekarar ya ƙara layi guda a rajistarsa, wanda gwamnati ba ta sa ba. Duk wanda ya kawo yaro, bayan an rubuta suna da shekaru da sunan uba, sai Mushe ya ɗaga kai ya ce, "Mi ba ku ci a gidanku? Mi ba ku yi?" Mun yi ta kwaikwayonsa da wannan tambaya har ta zama abin zolaya a gari. In mutum ya cika bincike sai a ce, kai, ka zama Mushe Kailu?

Amma mun ga amfaninta. Da aka buɗe kantin, wato wurin cin abincin lakwal, ana ba yara abincin rana, sai aka lura wata 'yar Fulani kullum tana mai da kwanonta cike, tana ramewa. Mataimakinsa na lokacin ya ce girman kai ne. Mushe kuwa ya bi ta har rugarsu ya zauna da uwarta. Ashe yarinyar kunya take ji, a gidansu ba a saba cin abinci gaban baƙin idanu ba. Washegari ya kafa zana a bayan aji, ya ce duk mai son ci a ɓoye ga wuri. Ranar farko yara tara suka shiga, har da waɗanda ba Fulani ba.

Shekarar da 'yan gudun hijirar Mali suka kwararo garin Abala, wasu iyalai suka gangaro har garinmu, aka kawo masa yara goma sha ɗaya da ba su jin Hausa ko kalma. A lokacin kifin gwangwani ake zuba wa shinkafar kantin. Tun ranar rajista ya nemo tafinta ya yi tambayarsa, iyayen suka kalli juna, wani dattijo mai rawani ya ce su kifi ba su saba ba, ko warinsa ba su so. Samiratu ta ce, "Sai ga Mushe ya sayo mini tukunya ta biyu. Na ce mishi wanga wahala ce, yunwa za ta koya musu. Ya ce, Samiratu, ni ma na taɓa hwaɗin haka." Yaran nan ba ɗaya da ya gudu. Biyu daga cikinsu yanzu suna koleji a Filinge.

Kada kuma a ɗauka duk abin da aka ce al'ada ce sai ya ce to. In yaro ya kwanta da zazzaɓi, Mushe zai tsaya a ƙofar gidan ya ce a yi na gida, amma a bar shi ya ɗora shi a babur ya kai asibiti tukuna. Tun ana ja har aka saba. A ƙarshe Yalwa da kanta, in an kawo mata yaro ta taɓa goshinsa, sai ta ce, "Wanga na likita ne, ku kai wa ɗan malam." Shi kuwa ko sau ɗaya bai taɓa shiga fagen bori ba, kuma ba a taɓa yin sahu a masallaci babu shi ba. Duk da haka sai da wasu suka laƙaba masa suna Mushen Azna, suka kai ƙararsa wurin liman. Liman ya ce, "Ku da ba ku gaishe su, mutum nawa kunka jawo? Ku bar mini mutum."

Mushe, bari in juyo gare ka, ko da na san za ka ce na cika surutu. Kai ne ka zo koyarwa ka zauna a turɓaya kana ɗaukar karatu wurin tsohuwar da ba ta san baƙi ko ɗaya ba. Kai ne ka sa ɗan maƙeri da ɗan Fulani da ɗan Buzu da 'yar Zabarma suka zauna benci guda, ba wanda ya ji an raina gidansu. Kai ne ka yi laifi sau ɗaya ka ƙi mantawa, alhali mu muna yin goma kafin azahar mu yi barcinmu lafiya. Na Hamidu, gawo mai inuwar rani! Mun ci alli a hannunka, mun kuma ci bulala, ba mu manta ko ɗaya ba.

Sai dai duk wannan bai cire masa ƙayar da ke ransa ba. Kowace shekara yana shuka kabewa a gindin shinge, kowace shekara yana jira sai ya ji garaya, sannan ya yanke mafi girma ya ɗauka a ka, ya kai ƙofar gidan nan ya ajiye. Lokacin da Yalwa ke da rai takan karɓa ta sa masa albarka. Da ta rasu, shekara goma sha ɗaya ke nan, Asabe ta gaji gidan da garayarsa, sai kabewa ta riƙa kwana a ƙofa har awaki su cinye. Abin da ya fi ƙona shi ba wannan ba ne. 'Ya'ya huɗu Asabe ta haifa kafin Ladi, ba ko ɗaya da ta bari ya taka lakwal. Ya taɓa ce wa Samiratu, "Loma guda na sa anka ci, mutum biyar sunka rasa karatu. In na tahi ban rubuta ta shida ba, mi zan ce wa Allah?"

Bana aka buɗe lakwal a watan Oktoba, aka yi rajista, babu Ladi. Mushe ya aiki Samiratu gidan, Asabe ta ba ta ruwa ta sha, suka yi hirar gero da tsadar kanwa, da ta kawo zancen yarinya sai Asabe ta tashi ta kama daka. Ƙarshen Nuwamba ake rufe rajista a aika wa ansifekta. Saura kwana shida aka kaɗa garaya, aka sha kabewa. Washegari da safe Mushe ya yanke tasa. Yanzu wuyansa ba ya ɗaukar kaya, sai ya rungumo ta a ƙirji yana tafe yana hutawa. Ya ajiye, ya tuɓe takalma, ya yi sallama. Shiru, sai ƙarar taɓarya. Wannan karon bai juya ba. Ya matsa jikin danga ya yi magana, masu wucewa suna ji.

"Asabe, wagga ita ce ta ƙarshe. Baɗi ba ni nan. Ban zo neman gahwara ba, na san na ishe ki da ita. Ni na yi miki laihi, ba lakwal ba, kuma ni zan tahi. Kada ki bar ɗiyar nan ta biya bashin da ba ita ta ci ba."

Taɓarya ta tsaya, sannan ta ci gaba. Ya sa takalmansa ya tafi. Da ya biyo washegari bai ga kabewa a ƙofa ba, amma bai sa rai ba, ya ce awakin bana sun fi na bara sauri.

Ranar da ta rage kwana uku, yana tsaye zai buga ƙarfe, sai yara suka yi tsit. Ya waiga. Ga Asabe ta shigo ta ƙofar shinge, ƙwarya rufe da faifai a kanta, tana riƙe da hannun Ladi, an yi wa yarinya sabon kitso. Shekara talatin da uku rabon da ƙafarta ta taka filin nan. Guntun ƙarfen ya faɗi daga hannunsa. Sai ya shiga aji ya ɗauko rajista ya ajiye a tebur a gindin dogon yaro, ya zauna ya ɗauki bik, wato biro. Ya tambayi suna, aka gaya masa. Ya tambayi shekaru. Sannan, saboda bakin da ya saba, ya ɗaga kai ya ce, "Mi ba ku ci a gidanku?"

Samiratu ta dafe baki. Mushe da kansa ya ji abin da ya faɗa, ya sunkuyar da kai. Asabe ta dube shi ta daɗe, irin kallon da ta yi masa a gindin bishiyar nan tana yarinya. Sai kafaɗunta suka fara rawa, ta tuntsire da dariya har hawaye suna zuba, ba mai iya cewa ga inda dariya ta ƙare kuka ya fara.

"Sai yau, Mushe? Sai yau ka tambaye ni?"

Ta sauke ƙwarya, ta goge hannu a zane, ta karɓi bik daga hannunsa ta jawo rajista gabanta. Ta rubuta sunan 'yarta da kanta. A layin ƙarshe ta rubuta: kabewa, sai an sha. Na ga shafin da idona. Baƙaƙen suna tsaye reras, kowane da lanƙwasarsa yadda ya koya mana, kamar jiya ta bar aji. Mushe ya kalli rubutun, ya cire gilashinsa, ya kife fuska a tafin hannu. Dattijo ɗan shekara sittin yana kuka gaban yara ɗari da hamsin, ba ko ɗaya da ya yi dariya.

Asabe ta buɗe faifai. Kabewarsa ce, an dafa ta da ƙuli-ƙuli, tana tururi. Ta tura masa gaba.

"Bismilla."

"Asabe, ni na sha kununa tun da sahe."

"Nan lakwal ne, Mushe, ba gidan babanka ba. Ci."

Ya sa hannu ya ci.

Mushe Kailu, mun gode. Mu Azna da Musulmi, Fulani da Buzaye da Zabarmawan Rijiyar Gawo, mun gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa ka ga Ladi ta riƙe takardar da uwarta ba ta samu ba. Ku kuma matasan da ake turawa ƙauyuka da alli ko allura ko takardar gwamnati, ba na ce ku shekara talatin kuna ɗaukar kabewa a ka ba. Cewa na yi in kun sauka a gari, ko da Hausarku ɗaya da mutanensa, ku tuɓe takalma ku yi tambaya kafin ku ba da umarni. Matambayi ba ya ɓata, kuma tambayar da aka yi ranar farko ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Mako uku suka rage masa yanzu. Ladi tana bencin gaba, ta riga ta iya rubuta sunanta, ya ce hannun uwarta ta ɗauko. Har yau da safe yana juya wa lakwal baya ya nufi yamma, ya bi maƙera, ya ɓata wa Fulani harshensu a bakin rijiya, ya kurɓi shayin Buzaye. Jiya na bi shi don in gani da idona. Da muka zo gida mai dangar kara ya tuɓe takalma ya ce, "Asabe, kun kwana lahiya?"

Daga ciki aka ce, "Lahiya lau, Mushe. Ka yi sauri, ɗiyarka ta riga ka tahiya."